Hatimi da Madubi: Waiwaye a kan Tarihin Juyin Zane a Aljabara

A cikin wannan maƙala muna so mu jawo hankalin 'yan'uwa malamai ga wani darasi na aljabara wanda yakan ba ɗalibai wuya, watau juyin madubi, inda ake kifa zanen lissafi a kan wani layi ya koma ɗaya gefen. Ra'ayinmu shi ne tunanin da aka gina darasin a kai ba baƙo ba ne a ƙasar Katsina.

Kalmar aljabara ta fito ne daga sunan littafin da Muhammadu ɗan Musa Alhawarizmi ya wallafa a Bagadaza wajen shekarar 820. Bayyana lissafi ta hanyar zane kuwa ya sami gindin zama bayan littafin Rene Dekart na Faransa na 1637. A ƙarni na 18 aka yi wani malami Bakatsine, Muhammadu ɗan Muhammadu al-Fulani al-Kashinawi, wanda ya rubuta littafi da Larabci a 1732 a kan yadda ake tsara hatimi. Ya rasu a Alƙahira a 1741, a gidan Hasan al-Jabarti.

Bari mu ɗauki hatimi mai gida tara: 4, 9, 2 a sama; 3, 5, 7 a tsakiya; 8, 1, 6 a ƙasa. Ko ta ina aka haɗa, a kwance, a tsaye ko a karkace, 15 za a samu. In aka kifa shi dama ta koma hagu, sahun sama zai zama 2, 9, 4, amma 9, 5, 1 na tsakiya ba za su gusa ba, jimla kuma tana nan. Da juyawa da kifawa, hatimin nan ɗaya yana ba da siga 8.

To, haka abin yake a zane. In aka sa -x a gurbin x, layin y = x + 2 zai koma y = -x + 2. Kowane ɗigo ya ƙetare layin tsaye, sai ɗigon (0, 2) kaɗai da ke kan layin, kamar dai gidajen tsakiyar hatimi.

Ba muna cewa al-Kashinawi ya yi zanen aljabara ba ne. Abin da muke cewa shi ne, tambayar "me ya sāke, me ya tsaya?" ita ce ginshiƙin aikin biyu. Saboda haka malamin da ke koyarwa a Fakuwa, ko wani gari na Kankia da Kusada, ya kyautu ya fara da hatimi a kan allo kafin ya ja layin x da na y. Yaron da ya gane ilmin yana da saiwa a gidansu ba zai gudu daga gare shi ba.