Sarrafa Ƙarfin Murɗawa a Motocin Turbo Masu Ja da Taya Huɗu: Nazari kan Gyare-gyaren Tseren Rubu'in Mil

Tsakure

Maƙalar ta nazarci yadda ake gyara motocin turbo masu ja da taya huɗu domin tseren miƙaƙƙen layi na rubu'in mil, wato mita 402. An yi amfani da lissafin motsi na asali, tare da duba ƙirar motocin Japan da suka yi fice a fagen, musamman Nissan GT-R da Mitsubishi Lancer Evolution. Nazarin ya nuna cewa ja da taya huɗu yana ɗauke matsala daga kan taya ya ɗora ta kan giyabos da aksul, kuma tsara yadda ƙarfi ke isa ƙasa a sakan biyu na farko ya fi ƙarin ƙarfin doki tasiri.

1. Gabatarwa

Tseren miƙaƙƙen layi ya samu tsari a Amurka bayan da Wally Parks ya kafa hukumar NHRA a 1951, kuma ya daɗe a hannun manyan injina masu silinda takwas da ke ja da tayoyin baya. Daga ƙarshen shekarun 1980 Japan ta shigo da wata dabara dabam: ƙaramin inji, da turbo, da ja da taya huɗu. Nissan ta fito da Skyline GT-R R32 a 1989 da injin RB26DETT mai lita 2.6. Mitsubishi ta biyo da Lancer Evolution a 1992 da injin 4G63 mai lita 2, shekarar da Subaru ta fito da Impreza WRX. Babu ɗaya daga cikinsu da aka ƙera domin wannan tsere. Ta Nissan don gasar kewaye ce, sauran biyun don gasar rali. Sai dai a wancan lokacin kamfanonin Japan suna da yarjejeniyar kada a tallata ƙarfin da ya wuce doki 280, alhali gangar RB26 da ta 4G63 na zubin ƙarfe ne da ke iya ɗaukar ninkin haka. Wannan rarar ce masu gyara suka gano.

Tambayar maƙalar ita ce: a ina ainihin iyakar irin wannan mota take, kuma wane gyara ya kamata ya zo da farko?

2. Hanyar Nazari

An ƙaddara mota mai nauyin kilo 1,500, wadda kashi 60 cikin ɗari na nauyinta ke gaba, kashi 40 ke baya, cibiyar nauyinta na da tsayin mita 0.5 daga ƙasa, tazarar tayoyin gaba da na baya kuma mita 2.65. Alƙaluman sun yi kusa da na motocin da ake magana a kai. An yi watsi da jan iska a farkon tashi domin bai taka kara ya karya ba a wannan saurin. Harafin g yana nufin hanzarin faɗuwar abu, mita 9.81 a sakan cikin kowane sakan.

3. Riƙon Ƙasa da Komawar Nauyi Baya

Duk motar da ta yunƙura, wani sashe na nauyinta yana komawa kan tayoyin baya. Yawansa shi ne hanzari sau tsayin cibiyar nauyi, a raba da tazarar tayoyi. A motarmu, kowane g ɗaya yana mayar da kusan kashi 19 cikin ɗari baya.

A kan kwalta ta yau da kullum, inda ma'aunin riƙon taya yake wajen 1.0, mai ja da gaba ba za ta wuce g 0.50 ba, domin tana tashi nauyi na guje wa tayoyin da ke ja. Mai ja da baya ma g 0.49 za ta samu, tun da dama nauyin bayanta kaɗan ne. Mai ja da huɗu kuwa g 1.0 cur, saboda duk inda nauyin ya koma akwai tayar da ke ja a ƙarƙashinsa. A ma'aunin ƙafa 60 na farko, wato mita 18.3, wanda masu tsere suka fi sa wa ido, wannan ya zama sakan 1.93 a maimakon kusan 2.7. Tazara ce da ba a cika maidowa ba, musamman da yake masu tsere sun daɗe da lura cewa duk sakan 0.1 da aka rage a ƙafa 60 yakan haifi ragin 0.15 zuwa 0.2 a ƙarshen layi.

Amma fifikon yana raguwa yayin da riƙo ke ƙaruwa. A filin da aka fesa wa sinadarin danƙo, idan hanzari ya kai g 2, tayoyin baya ne ke ɗauke da kashi 78 na nauyin, na gaba 22 kawai. A nan ƙirar Nissan ta dace da aikin. Tsarinta na ATTESA E-TS asalinsa jan baya ne, sai wani kuloci mai faifai da yawa ya tura har rabin ƙarfin gaba idan an buƙata. Evolution tana raba ƙarfi rabi da rabi ta difaransha na tsakiya, don haka tayoyin gabanta kan nemi sulɓewa daidai lokacin da suka yi sakayau.

4. Inda Ƙarfe Ke Karyewa

Wannan shi ne sashen da aka fi yi wa riƙon sakainar kashi, kuma shi ya fi cin kuɗin masu gyara. A mota mai ja da taya biyu, taya tana aiki kamar fiyus: idan ƙarfi ya yi yawa sai ta sulɓe, hayaƙi ya tashi, ƙarafan ciki su tsira. Da an sa taya huɗu masu danƙo, an cire fiyus ɗin.

A ƙaddara injin yana ba da ƙarfin murɗawa na mita-Niyuton 700, rabon giya ta ɗaya 2.8, na ƙarshe 4.5. Abin da ke isa tayoyi 8,820 ke nan. Tayoyi masu rabin faɗin mita 0.32, a riƙo na 1.5, ba za su iya sauke fiye da kusan 7,060 a ƙasa ba. Wato tun kafin a ƙara komai, giya ta ɗaya tana da rarar da ba ta da amfani. Lissafin kuma bai haɗa da bugun da ke zuwa idan direba ya saki kuloci farat ɗaya injin na juyi 6,000 a minti ba. A lokacin, ƙarfin da ke tare a faifan bayan inji yana afka wa haƙoran giya cikin ƙiftawar ido, ya zarce abin da injin kansa ke bayarwa nesa ba kusa ba. Wanda ya taɓa buɗe akwatin raba ƙarfi na Evolution bayan irin wannan tashi ya san abin da ake gani: haƙoran babban giya sun guntule, man giya ya cika da ɓarɓashin ƙarfe mai ƙyalli.

Tsallen taya ya fi wannan muni. Taya ta kama, aksul ya murɗe, ta saki, ta sake kamawa, sau da yawa a sakan guda. Kowane kamu sabon bugu ne. Shi ya sa robobin maƙalar inji masu tauri da shakazoba da aka saita suke zama gyaran kare giyabos, ko da yake ba a kallonsu haka.

Maganin yana da rassa. Masu giyar hannu sukan zaɓi tayoyin tsere masu laushin gefe, waɗanda ke lanƙwashewa su shanye bugun farko, kuma dole faɗin tayoyin huɗun ya zo ɗaya, in ba haka ba difaransha na tsakiya zai yi ta aiki har ya ƙone. Ana sa kuloci mai faifai biyu ko uku, tare da bawul da ke jinkirta kamunsa da ɗan ɓangaren sakan. GT-R R35 ta 2007, mai injin VR38DETT na lita 3.8, ta zo da giyabos mai kuloci biyu da kwamfuta ke sarrafawa, wanda ya mayar da zamewar kuloci abin da ake rubutawa da lamba. A ganin wannan maƙala, wannan na daga cikin manyan dalilan da suka ba ta fifiko. Kafin zuwanta, Skyline R33 ta kamfanin HKS ta yi sakan 7.67 a farkon shekarun 2000, ta daɗe tana riƙe da kambu. A 2017 wata R35 da AMS Performance ta haɗa a Amurka ta sauka ƙasa da sakan 7.

5. Turbo, Zafi da Mai

Matsin iskar duniya kusan bar 1 ne. Ƙara bar 2 yana nufin ninka matsin sau uku, amma ba ya ninka yawan iskar sau uku, domin matsa iska yana zafafa ta. Iskar da ta shiga a digiri 27, a turbo mai inganci kashi 70, za ta fito a kusan digiri 185. Idan na'urar sanyaya iska ta sauko da ita zuwa 45, kaurinta zai ƙaru da kusan kashi 44 ba tare da an taɓa matsin ba. Iska mai zafi kuma ita ke jawo fashewar mai ba bisa lokaci ba, wadda ke tsaga gefen fistin inda zobba ke zama. Injin Subaru EJ257 ya yi ƙaurin suna da wannan lahani.

Saboda haka man E85, mai kusan kashi 85 na sinadarin itanol, ya karɓu. Yana jure matsi kuma yana sanyaya silinda yayin da yake tururi. Sai dai inda fetur ke buƙatar iska kashi 14.7 ga mai kashi ɗaya, E85 kusan 9.8 yake buƙata, don haka sai an ƙara girman nozul da famfon mai da aƙalla kashi 30.

Babban turbo ba ya hura iska a ƙaramin juyi. Domin a tashi da matsi a hannu, ana saita kwamfutar injin ta tsayar da juyi a wani mataki, ta jinkirta tartsatsin filogi, mai ya ƙone a bakin salansa ya juya turbon tun mota na tsaye. Ƙarar harbe-harben da ake ji a layin tashi ke nan. Dabara ce mai gasa bawul da fukafukan turbo, bai kamata ta wuce 'yan sakanni ba. Abin da ya fi dacewa shi ne a ba kowace giya nata matsin: kaɗan a ta ɗaya, inda aka ga akwai rara, sannan a yi ta ƙarawa. Haka kuma ƙarfin murɗawa mai yawa a ƙaramin juyi shi ke lanƙwasa sandunan fistin, don haka gwanin saiti yakan danne tsakiya da gangan ya saki a sama.

6. Ribar Ƙarin Doki

Ƙa'idar Patrick Hale, wadda masu tsere ke amfani da ita, tana cewa lokaci daidai yake da 5.825 sau saiwa ta uku ta sakamakon raba nauyi a ma'aunin fam da ƙarfin doki. Motarmu a doki 600 za ta yi kusan sakan 10.3 da gudun kilomita 213 a awa. A doki 1,200, sakan 8.2 da kilomita 269. Ninka ƙarfi ya rage kashi 21 kacal na lokacin, kuma hakan ma sai in tashin ya yi daidai. A gefe guda, sauko da ƙafa 60 daga sakan 1.9 zuwa 1.6 zai iya rage wajen rabin sakan ba tare da an buɗe inji ba.

7. Matsayar Maƙala

Tsarin da lissafin ya goyi baya shi ne a fara da taya da shakazoba, sai kuloci da aksul da akwatin raba ƙarfi, sai mai da sanyaya iska. Babban turbo ya zo a ƙarshe. Akasin haka ne aka fi yi, domin takardar gwajin inji ta fi daɗin nunawa. Kayan kare rai kuma ba sa jiran kowane mataki. A ƙa'idojin NHRA, motar da aka yi wa gyara sosai da ta kai sakan 9.99 tana buƙatar cikakken kejin ƙarfe da lasisin tsere ga direba, wadda ta kai mil 150 a awa, kusan kilomita 240, sai da lemar tsayawa. Duk alƙaluman da aka kawo a nan na rufaffen filin tsere ne mai motar asibiti a gefe, kuma muna kira ga mai gyara da kada ya gwada ko ɗaya daga cikinsu a titin jama'a.