Malfar Jaji: Nazarin Tasirin Nana Asma'u Kusa da Gadon Mulki

A ƙarshen Maris na 1776 Abigail Adams ta aika wa mijinta John wasiƙa, tana roƙon kada a manta da mata a dokokin sabuwar ƙasar Amurka, kada kuma a danƙa wa mazaje iko marar iyaka. Dariya ya mayar da maganar. Ya hau shugabanci a 1797, amma sai a 1920 tsarin mulkin ƙasar ya ba mata ƙuri'a.

Idan aka nemi takwararta a ƙasar Hausa, Nana Asma'u (1793–1864) ce ta fi kusa: 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, ƙanwar Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, matar Waziri Giɗaɗo ɗan Laima. Ita da Abigail dukansu sun riƙe alƙalami a gidan mulki. Sai dai ita Asma'u ba ta buƙaci roƙon kowa ba, domin tun a Nurul Albab mahaifinta ya soki malaman da ke karantar da almajirai su bar matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci. Hujja na hannu. Hanyar kai karatu ƙauye ce ta rage.

Hanyar ita ce 'Yan Taru. Matar aure mai goyo ba ta barin ɗaki, don haka tsofaffi da ƙananan 'yan mata ke tasowa daga ƙauyuka zuwa Sakkwato, ɗauke da zuma da man shanu da hatsi, ƙarƙashin jagorancin jaji. Asma'u kan naɗa jaji da malfa da jan rawani. Malfar nan kuwa an san ta a kan Innar Gobir, uwar bori. Ke nan Asma'u ta karɓi alamar da mata suka saba girmamawa ta sauya mata aiki. Darasi a waƙe yake, da Fulatanci da Hausa, saboda wadda ba ta karatu ta haddace, ta rera wa na gida lokacin daka ko kaɗi.

A ganina kuskure ne a manna mata kirarin 'yar gwagwarmayar 'yanci irin na Turawa. Ba ta ƙalubalanci kulle ba, kuma ba ƙuri'a ta sa a gaba ba. Wannan yaƙin na su Gambo Sawaba ne, kuma sai a 1976 matan Arewa suka fara zaɓe. Abin da ta kafe a kai shi ne mace ta san tsarki da salla da haƙƙinta a aure da bakinta, ba sai ta jira miji ya ga dama ba.

Bayan rasuwarta ƙanwarta Maryam, wadda ta auri Sarkin Kano Ibrahim Dabo, ta ci gaba da tafiyar. A Gwarzo da Kabo yau, ajin Islamiyyar matan aure da ke cika bayan an sauke girki ba reshen 'Yan Taru ba ne kai tsaye; ya fi alaƙa da farfaɗowar karatun manya, irin Hukumar Ilimin Manya da gwamnatin Abubakar Rimi ta kafa a 1980, da ƙungiyoyi irin FOMWAN ta 1985. Amma idan maigida ya ce ina amfanin fitar, sunan Nana ne malama ke fara kawo masa, kuma ba kasafai yake samun amsa ba.