Daga Amana zuwa Mallaka: Hulɗar Jakadanci Tsakanin Daular Sakkwato da Ƙasashen Turai, 1824 zuwa 1903, da Abin da Ya Sami Zazzau

Tsakure

Wannan maƙala ta bi diddigin hulɗar jakadanci tsakanin Daular Sakkwato da ƙasashen Turai tun daga zuwan Hugh Clapperton a 1824 har faɗuwar Sakkwato a 1903, sannan ta duba abin da ya sami masarautar Zazzau a ƙarshen wannan zamani. An dogara da labaran matafiya, da wasiƙun Larabci da aka riga aka buga, da ayyukan masana tarihi irin su Murray Last da R. A. Adeleye. Maƙalar ta tsaya a kan cewa ɓangarorin biyu sun san juna gwargwadon hali, kuma hulɗarsu ta ɗore muddin Bature yana zuwa a matsayin baƙo mai neman amana. Ta wargaje ne lokacin da Turawa suka ɗauki takardun da aka rubuta a Wurno da Gwandu suka kai teburin da ba a gayyaci Sakkwato ba.

Gabatarwa

A 1998 shugaban Iran na lokacin, Muhammad Khatami, ya ba Majalisar Ɗinkin Duniya shawarar a keɓe shekara guda don tattaunawa tsakanin al'ummu masu wayewa dabam-dabam, aka kuwa keɓe 2001. A 2005 Sifen da Turkiyya suka jagoranci kafa wani ƙawance mai irin wannan manufa a ƙarƙashin Majalisar. A watan Yuni na 2009 Barack Obama ya yi jawabinsa na Alƙahira ga al'ummar Musulmi. Duk waɗannan yunƙuri sun ginu ne a kan zato ɗaya: wai tushen saɓani tsakanin ƙasashen Musulmi da na Yamma shi ne jahiltar juna, idan an zauna an fahimci juna sai ƙura ta lafa.

Tarihin ƙasar Hausa yana da ma'aunin da za a gwada wannan zato da shi. Kusan shekara 80 Sakkwato ta yi tana karɓar manzannin Ingila da Jamus da Faransa, tana rubuta wasiƙu, tana ƙulla yarjejeniya. Tambayar maƙalar ita ce: me ya riƙe wannan hulɗa, kuma me ya kashe ta?

Matsayin baƙo a shari'ar Sakkwato

Ba a karɓi Turawa da ka ba. Fiƙihun Malikiyya, wanda daular take aiki da shi, ya tanadi matsayin wanda ba Musulmi ba da ya shigo ƙasar Musulunci da izini, ɗan kasuwa ne ko manzo: ana ba shi amana, a tsare ransa da dukiyarsa har ya fita. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya yi bayanin hukuncin ba da amana da na sulhu a littafinsa Bayan Wujub al-Hijra na 1806. Aikin hulɗa da baƙi kuwa yana hannun Waziri, kuma Last (1967) ya nuna yadda gidan Waziri Giɗaɗo ɗan Laima ya zama ma'ajiyar wasiƙun daula.

Abin lura a nan, amana kyauta ce daga mai iko zuwa ga mai neman mafaka. Mai bayarwa ba ya rasa komai na ikonsa don ya bayar, kuma yana iya janyewa idan baƙo ya karya sharaɗi. Da wannan ido Sakkwato ta kalli kowace takarda da ta sa wa hatimi har ƙarshen ƙarni.

Bello da Clapperton

Clapperton, wanda mutanen ƙasar suka sani da Abdullahi, ya iso Sakkwato a watan Maris na 1824 ta hanyar Tarabulus da Borno da Kano, aka sauke shi a hannun Waziri Giɗaɗo. Wanda ya karanta labarin zamansa da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello zai ga cewa mai masauki ya fi baƙon shiri. Bello ya tambaye shi ko Ingilishi suna bin tafarkin Nasɗuriyawa ne ko wata ɗariƙar Kirista dabam, tambayar da ta fi ƙarfin sojan ruwa irin Clapperton, har ya amsa cewa ba shi da zurfi a wannan fanni. Da aka nuna masa kayan auna taurari, sai ya riƙa kiran sunayensu da Larabci. Ya kawo maganar yaƙin Girkawa da Turkawa, da harin da jiragen ruwan Ingila suka kai Aljaza'ir a 1816, da yadda Ingilishi suka mamaye Indiya. Sannan ya fito da littattafan Dixon Denham, abokin tafiyar Clapperton, waɗanda aka tsinta bayan wani hari da Larabawa da mutanen Borno suka kai wa wani garin Fulani a yankin Mandara a 1823, ya nemi a gaya masa abin da ya kai Bature cikin mahara. Ya mayar da littattafan, amma ya nuna ya sani.

Duk da haka an cimma matsaya. Bello ya rubuta wa Sarki George na Huɗu wasiƙa, ya yarda a turo ƙaramin jakada da likita su zauna a ƙasarsa, a buɗe ciniki ta bakin teku, shi kuma ya hana fitar da bayi ta wannan hanya. Abin da yake so a fili yake: bindigogi da albarushi, da hanyar ciniki da ba ta ratsa Borno ko hannun fataken Larabawa ba. Kada a ƙawata alkawarin da ya yi fiye da kima. Tattalin arzikin daular ya dogara da aikin bayi, kuma abin da Bello ya amince da shi bai shafi bauta a cikin gida ba. Wuraren da aka ambata a matsayin mahaɗa da jiragen Ingila, Raka da Funda, ashe ba a gaɓar teku suke ba, wanda ya nuna cewa kowane ɓangare yana da gurbi a iliminsa na taswira.

Zuwa na biyu ne ya fi ba da darasi. Clapperton ya taso daga Badagiri, ya ratsa ƙasar Yarbawa da Busa da Nufe, ya biyo ta Zariya a tsakiyar 1826, ya wuce Kano, ya isa wurin Bello. Cikin kyaututtukan da ya kawo har da littafin lissafi na Iƙlidis da Larabci, wanda Bello ya yi murna da shi ƙwarai. Amma ya zo da wasiƙa da kaya na Shehun Borno Muhammad al-Amin al-Kanemi, a daidai lokacin da Sakkwato da Borno suke yaƙi. Bello ya hana shi wucewa, aka karɓe wasiƙar. Clapperton ya ɗauki wannan cin amana ne, ya yi fushi mai tsanani. A ganin mai wannan bincike, babu wata daula, a da ko a yanzu, da za ta bar manzon wata ƙasa ya ratsa ta da saƙo zuwa ga abokin gabarta ana tsakiyar yaƙi. Ga kuma wasiƙun da suka riga shi isowa suna gargaɗin cewa Ingilishi haka suka fara a Indiya, da ciniki da abota. Clapperton ya rasu a Sakkwato a watan Afrilu na 1827. Ba a turo jakadan ba, ba a turo likitan ba.

Masu gargaɗin nan ba jahiltar Ingila suka yi ba. Sun karanta ta daidai, shekara 76 kafin abin ya auku.

Barth da zamanin kamfani

Heinrich Barth, Bajamushe mai yi wa gwamnatin Ingila aiki, wanda aka sani da Abdulkarim, ya sadu da Sarkin Musulmi Aliyu Babba a kusa da Wurno a 1853, ya karɓi takardar amana ga 'yan kasuwar Ingila. A. D. H. Bivar ya buga irin waɗannan takardu na Larabci a 1959, kuma siffarsu ita ce wadda aka bayyana a sama: izini ne daga mai ƙasa. Sarkin Gwandu Halilu ma ƙin ganin Barth ya yi ido da ido, amma bai hana shi wucewa ba.

Bayan taron Barlin na 1884 zuwa 1885 al'amarin ya sauya kama. Mai zuwa daga Ingila yanzu ba manzon sarki ba ne, wakilin kamfani ne. A watan Yuni na 1885 Joseph Thomson ya ƙulla yarjejeniya da Sarkin Musulmi Umaru ɗan Aliyu da Sarkin Gwandu Maliki a madadin kamfanin George Goldie, wanda ya zama Royal Niger Company a 1886. Kamfani zai riƙa biyan Sakkwato buhun wuri 3,000 a shekara, Gwandu kuma 2,000. A takardar Ingilishi, an nuna cewa Sarkin Musulmi ya miƙa wa kamfani haƙƙinsa a kan ƙasar da ke gaɓar Binuwai. A fadar Sakkwato kuwa, kamar yadda Adeleye (1971) ya nuna, an ɗauki kuɗin a matsayin abin da baƙo ke biya don a bar shi ya yi ciniki. Shaidar haka ita ce ba a rufe ƙofa ga kowa ba: an karɓi Bajamushe Paul Staudinger, wanda ya biyo ta Zariya a 1885 da kyaututtuka daga sarkin Jamus, kuma a 1891 Sarkin Musulmi Abdurrahman ya sa hannu a wata takarda da Bafaranshe Monteil. Wanda ya san ya sayar da gona ba ya ci gaba da ba da aronta.

Takardar Thomson ba ta yi aiki a Sakkwato ba, a Turai ta yi aiki. A watan Agusta na 1890 Ingila da Faransa suka ja layi daga Sayi a bakin Kwara zuwa Barruwa a tafkin Chadi, suka bar wa Ingila duk abin da suka ce mallakar Sakkwato ne, bisa hujjar yarjejeniyoyin kamfani. Ba a tambayi Sakkwato ba, ba a ma sanar da ita ba. Daga wannan rana Sarkin Musulmi ya daina zama abokin magana, ya koma abin da ake magana a kansa.

Wasiƙar 1902

Ranar 1 ga Janairu 1900 Lugard, wakilin gwamnatin Ingila, ya ayyana Arewa a matsayin ƙasar da ke ƙarƙashin kariyar Ingila, a Lokoja, ya aika wa Sakkwato fassarar sanarwar. A 1901 sojojinsa suka ci Kwantagora da Bida, sannan ya rubuta yana neman Sarkin Musulmi ya naɗa sabon sarki a Kwantagora. Wato ya kori na mai ƙasa, ya kuma nemi mai ƙasa ya sa albarka. A watan Mayu na 1902 ya ce ya sami gajeriyar wasiƙa daga Abdurrahman mai nuna cewa babu abin da ya rage tsakaninsu sai yaƙi, kuma da ita ya kafa hujja a wurin gwamnatin Landan. D. J. M. Muffett (1964) ya yi shakkar ingancin wannan wasiƙa da fassararta, musamman da yake ba a sami asalinta na Larabci ba. Ko da ta inganta, ba ita ta fara yanke hulɗa ba. Martani ce ga shekara biyu na cin ƙasa.

Kano ta faɗi ranar 3 ga Fabrairu 1903, Sakkwato ranar 15 ga Maris. Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya, wanda ya gaji Abdurrahman, ya yi hijira, aka kashe shi a Burmi a watan Yuli. A jawabin da Lugard ya yi a Sakkwato bayan yaƙin bai jingina da wata yarjejeniya ba. Ya ce ikon da Fulani suka samu da yaƙi ya koma hannun Ingila da yaƙi, tare da alkawarin ba za a taɓa addini ba. Waziri Buhari, wanda ya zauna bai bi masu hijira ba, ya rubuta risala ga malamai yana bayyana hujjarsa ta shari'a ta yin mu'amala da Nasara a zahiri don a tsirar da jama'a da addininsu. Har a wannan hali, ɓangaren Sakkwato yana neman gurbin da zai ajiye sabon al'amarin a cikin fiƙihu.

Zazzau: wanda ya buɗe ƙofa

Idan akwai mai cewa taurin kan Abdurrahman ne ya jawo yaƙi, Zazzau ta isa amsa. Sarkin Zazzau Muhammadu Kwasau ya bi hanyar lalama. A 1900 ya karɓi ayarin Bishop Tugwell na mishan, wanda Dakta Walter Miller yake ciki, alhali Sarkin Kano Alu ya kore su daga garinsa. A farkon 1902, da Ibrahim Nagwamatse ya addabi ƙasar Zazzau bayan an raba shi da Kwantagora, Kwasau ya nemi taimakon Turawa. Suka zo, suka kama Nagwamatse, suka kafa sansani, aka ajiye Kyaftin Abadie a matsayin Razdan. Zariya ta shiga hannu ba a yi yaƙi a ƙofarta ba. Kafin shekarar ta ƙare an ɗauke Kwasau daga garin. A 1903 aka naɗa Aliyu Ɗan Sidi, shi ma daga baya aka tuɓe shi aka kai Lokoja. Wanda ya ƙi magana da wanda ya yi magana, makomarsu ɗaya.

Tsarin garin ma ya ɗauki sabon matsayin. A da Sarkin Zazzau ne yake cewa ga inda baƙo zai sauka. A zamanin mulkin mallaka baƙon ne ya tsara: unguwar Turawa can gefe, Sabon Gari ga mutanen Kudu da jirgin ƙasa ya kawo, Tudun Wada kuma a wajen ganuwa ga Musulmin Arewa waɗanda ba 'yan birni ba.

Hukuncin wannan bincike shi ne, zaton da aka gina tarurrukan fahimtar juna na wannan zamani a kansa bai cika ba. Sani yana da amfani, amma Bello ya san Ingila tun 1824, kuma hakan bai hana layin 1890 ba. Tambayoyin da ya kamata a yi wa kowace irin wannan tattaunawa su ne: a ina ake yanke hukunci na ƙarshe, kuma nassin wane ɓangare ne zai yi aiki idan aka saɓa?

Akwai sauran aiki. Wasiƙun wannan zamani suna nan a Gidan Adana Kayan Tarihi na Ƙasa da Gidan Arewa a Kaduna, da Hukumar Tarihi ta Waziri Junaidu a Sakkwato, da tarin rubuce-rubucen Larabci na Sashen Tarihi a Jami'ar Ahmadu Bello. Galibi masana tarihi ne suka yi aiki da su. Ana kira ga malaman Tsangayar Shari'a da Cibiyar Nazarin Shari'ar Musulunci da ke Kongo, makwabtan Tudun Wada, su jera nassin Larabci da na Turanci na waɗannan yarjejeniyoyi gefe da gefe, su fitar da su da sharhin Hausa, su kuma sa su cikin abin da ake koya wa ɗaliban dokar ƙasa da ƙasa.