Tarihin Ƙwallon Ƙafa da 'Yan Kallo a Garwa: Yadda Manyan Wasanni Suka Isa Arewacin Kamaru

Gabatarwa

Tambayar inda za a buga wasa tsohuwar tambaya ce a duniyar wasanni. Hukumomi sun fi son manyan birane saboda a can kuɗi da otal-otal da gidajen talabijin suke, su kuwa mutanen yankuna masu nisa suna ganin ƙungiyar ƙasa tasu ce kamar yadda take ta kowa. A Ostareliya, ƙungiyoyin wasan rugbi sun mayar da amsar wannan tambaya al'ada, inda ƙungiya takan ɗauki wasanta na gida ta kai wani gari na karkara. Misali, tun 2014 Penrith Panthers take kai wasa garin Bathurst. A ƙasar Kamaru ƙwallon ƙafa ce ta ɗauki wannan matsayi, kuma birnin Garwa da ke gaɓar kogin Binuwai shi ne wurin da labarin ya fi fitowa fili.

Lokacin da Ƙwallo Take Hannun Kudu

Daga samun 'yancin kai a 1960 har zuwa tsakiyar shekarun 1990, ƙarfin ƙwallon Kamaru yana kudanci ne. Oryx ta Duwala ce ta fara ɗaukar kofin zakarun nahiyar Afirka a 1965. Canon ta Yawunde ta ɗauke shi sau uku, a 1971 da 1978 da 1980, Union ta Duwala kuma ta ɗauka a 1979. Da Kamaru ta karɓi baƙuncin gasar cin kofin nahiyar Afirka a 1972, a Yawunde da Duwala kaɗai aka buga wasannin.

Nisa na daga cikin dalilan. Tsakanin Garwa da Yawunde akwai tafiyar fiye da kilomita 1,000 ta mota, layin dogo kuwa da ya taso daga kudu a Ngaundere ya tsaya tun 1974. Ƙungiyar da take arewa sai ta kashe kuɗi mai yawa da kwanaki a hanya kafin ta buga wasan waje guda ɗaya. Shi kuwa mai sha'awar ƙwallo a Garwa ko Marwa, rediyo ne filin wasansa.

Duk da haka, Garwa ba ta rasa gata ba. Ita ce mahaifar shugaban ƙasa na farko, Ahmadu Ahidjo, wanda ya yi mulki daga 1960 zuwa 1982, kuma a zamaninsa aka gina filin wasa na Roumdé Adjia a 1978. A nan kuma aka haifi Issa Hayatou, wanda ya shugabanci hukumar ƙwallon Afirka, CAF, daga 1988 zuwa 2017. Abin da birnin ya rasa a wancan lokaci shi ne ƙungiyar da za ta riƙa cika wannan fili.

Auduga ta Haifi Ƙungiya

An kafa Coton Sport a 1986 ƙarƙashin kulawar Sodecoton, kamfanin audugar da aka kafa a 1974 mai hedikwata a Garwa. Sunan ƙungiyar kansa daga auduga aka samo shi. Wannan dangantaka ita ce ta bambanta ta da yawancin takwarorinta na kudu, waɗanda suka dogara da aljihun attajiri ɗaya ko gudummawar magoya baya. Kamfanin ya ba ta abin da nisa yake bukata, wato kuɗin tafiya da albashin da ba ya yankewa da wurin horar da yara.

A 1997 Coton Sport ta zama zakaran gasar Kamaru, karo na farko da wata ƙungiyar arewa ta yi haka. Ta maimaita a 1998 da 2001, sannan ta riƙe kambun sau shida a jere daga 2003 zuwa 2008. A yau ta wuce Canon a yawan kofunan gasar ƙasa. Ma'anar wannan ga 'yan kallo ita ce, manyan ƙungiyoyin Yawunde da Duwala dole su hau hanya su zo Garwa kowace kaka, su buga cikin zafin da ba su saba da shi ba.

Shekarar 2008 ce ƙololuwar wannan tafiya. Coton Sport ta fito daga rukunin da ya ƙunshi Enyimba ta Aba da TP Mazembe da Al-Hilal ta Sudan, ta fitar da Dynamos ta Zimbabuwe a wasan kusa da na ƙarshe, ta haɗu da Al Ahly ta Masar a wasan ƙarshe na kofin zakarun Afirka. An ci ta 2-0 a Alƙahira, aka tashi 2-2 a Garwa cikin watan Nuwamba, Al Ahly ta ɗauki kofinta na shida. Kofin ya tafi Masar, amma wasa mafi girma na ƙungiyoyin nahiyar an buga shi a Roumdé Adjia, a gaban mutanen da a da sai dai su ji a rediyo. Ƙungiyar ta kuma zama masaukin 'yan wasa daga maƙwabta, irin su mai tsaron gida Kassaly Daouda da ɗan wasan gaba Kamilou Daouda, dukansu daga Nijar. Daga cikinta Vincent Aboubakar ya fito kafin ya tafi Valenciennes ta Faransa a 2010.

Gasar Afirka ta Iso Gaɓar Binuwai

An ba Kamaru baƙuncin gasar 2019, daga baya CAF ta karɓe a Nuwamban 2018 saboda jinkirin shiri, ta miƙa wa Masar. Kamaru ta koma kan gasar 2021, wadda annobar korona ta tura zuwa Janairun 2022. A cikin birane biyar da aka zaɓa, wato Yawunde da Duwala da Bafoussam da Limbe da Garwa, Garwa ce kaɗai a arewa. An yi wa Roumdé Adjia gyara na musamman, aka ba ta rukuni na huɗu: Nijeriya da Masar da Sudan da Gini Bisau.

Gasar ta fara da matsalar 'yan kallo. An ƙayyade cewa kashi 80 cikin ɗari na kujeru za a cika a wasannin Kamaru, kashi 60 a sauran, kuma ba a shiga sai da shaidar rigakafi da gwajin korona. Filaye da dama suka kasance fayau a wasannin farko, har gwamnati ta rage lokutan aiki da na makaranta a ranakun wasa domin jama'a su samu zuwa.

Garwa ta fita daban, kuma dalilin a fili yake. Birnin yana kusa da iyakar Nijeriya, Binuwai ɗin da ya ratsa shi shi ne ya ratsa ta Yola, kuma tarihin masarautar Adamawa ya haɗa jama'ar ɓangarorin biyu tun ƙarni na 19. Ana jin Fulatanci da Hausa a kasuwanninsa, akwai auratayya da fatauci. Saboda haka Super Eagles ta buga kamar tana gida. Ta ci Masar 1-0 ranar 11 ga Janairu ta ƙafar Kelechi Iheanacho, ta ci Sudan 3-1, ta ci Gini Bisau 2-0. A wannan fili kuma Tunisiya ta fitar da ita da ci 1-0 ranar 23 ga Janairu, kafin Burkina Faso ta fitar da Tunisiya a nan ɗin dai a zagaye na gaba. Abin da Garwa ta nuna shi ne, yawan 'yan kallo bai rataya ga girman birni kaɗai ba, ya fi rataya ga kusancin jama'a da waɗanda suke bugawa.

Ƙungiyar Ƙasa a Arewa

Bayan gasar, hukumar ƙwallon Kamaru, Fecafoot, ƙarƙashin Samuel Eto'o da aka zaɓa a Disamban 2021, ta kai wasu wasannin gida na ƙungiyar ƙasa Garwa. Ranar 12 ga Satumban 2023 Kamaru ta ci Burundi 3-0 a Roumdé Adjia ta samu gurbin gasar da aka yi a Kwaddibuwa, Aboubakar na cikin waɗanda suka ci. A Satumban 2024 batun fili ya zama abin jayayya tsakanin hukumar da ma'aikatar wasanni: hukumar ta tsaya kan Garwa, ɓangaren gwamnati ya fi son Yawunde. A ƙarshe a Garwa aka buga wasan da Namibiya, Kamaru ta ci 1-0, kuma Aboubakar ne ya zura ƙwallon a filin da ya fara suna.

Wannan jayayya ta nuna cewa zaɓen fili ba batun ciyawa da fitila kaɗai ba ne. Batu ne na iko tsakanin hukuma da gwamnati, batu ne kuma na ko yankin da ya daɗe yana kukan an bar shi a baya zai ga ƙungiyar ƙasarsa da idonsa.

Kammalawa

Tarihin Garwa ya nuna hanyoyi biyu da babban wasa yake isa yanki mai nisa. Ta farko ita ce a kawo shi baƙunci, kamar gasar 2022 da wasannin ƙungiyar ƙasa. Wannan yana tara jama'a, amma Hausawa sun ce baƙo raɓa ne, kuma shawarar dawowarsa a Yawunde ake yanke ta. Ta biyu ita ce yankin ya gina ƙungiyarsa, kamar yadda auduga ta gina Coton Sport, har ya zama dole a zo a same shi a gida. Hanya ta biyun ce ta share wa ta farko fage, domin shekarun da Coton Sport ta yi tana karɓar ƙungiyoyin nahiyar su ne suka tabbatar da cewa Garwa za ta iya ɗaukar babban taro. Raunin da ya rage shi ne ƙungiyar ta jingina da kamfani ɗaya, kamfanin kuma ya jingina da damina da farashin auduga a kasuwar duniya.