Yadda ƙungiyoyi masu zaman kansu ke amfani da kafafen sada zumunta

Ƙungiyoyi masu zaman kansu, waɗanda ba neman riba ya kafa su ba, sun dogara ne da kuɗin masu ba da taimako da goyon bayan jama'a. A da, talla a jarida da rediyo da wasiƙun neman gudummawa su ne hanyarsu, kuma duk suna cin kuɗi. Zuwan Facebook da WhatsApp da YouTube da X, wanda a da ake kira Twitter, ya ba ƙaramar ƙungiya damar isar da saƙo ga dubban mutane da wayar hannu ɗaya.

Tara gudummawa

Fitaccen misali shi ne gangamin Ice Bucket Challenge na shekarar 2014 a Amurka. Mutum zai sheƙa wa kansa bokitin ruwan ƙanƙara, ya ɗauki bidiyo, ya ambaci sunayen abokansa su ma su yi ko su ba da kuɗi. Ƙungiyar ALS Association, mai yaƙi da wata cuta da ke kashe jijiyoyin motsin jiki, ta tara dala miliyan 115 cikin 'yan makonni. Sirrin nasarar shi ne roƙon ya fito daga bakin aboki, wanda ya fi wuyar ƙi a kan roƙon baƙo. A 2016 masu binciken da suka samu wani kaso na kuɗin suka sanar da gano ƙwayar halittar gado mai suna NEK1 da ke da alaƙa da cutar.

Matsa wa hukuma lamba

A Najeriya, batun garin Bagega da ke ƙaramar hukumar Anka a jihar Zamfara ya nuna wannan aiki. A 2010 aka gano gubar dalma daga haƙar zinare tana kashe yara a yankin, inda aƙalla 400 suka rasu. Ƙungiyar likitoci ta MSF ta ce ba za a iya yi wa yaran Bagega magani ba sai an kwashe gurɓatacciyar ƙasar, amma kuɗin aikin ya maƙale a Abuja. Shirin Follow The Money, wanda Hamzat Lawal na cikin waɗanda suka kafa shi a 2012, tare da ƙungiyar Human Rights Watch, suka yi ta yaɗa maudu'in #SaveBagega. A farkon 2013 gwamnatin Goodluck Jonathan ta saki kuɗin, aka fara aikin.

Haka kuma ƙungiyar BudgIT, da aka kafa a Legas a 2011, tana mayar da alƙaluman kasafin kuɗi zuwa zane mai sauƙin fahimta. Shirinta na Tracka yana ba mazauna gari damar tura hoton aikin mazaɓa da aka ware wa kuɗi amma aka yi watsi da shi.

Sauraron jama'a

Asusun UNICEF ya fara shirin U-Report a Yuganda a 2011, ya kawo shi Najeriya a 2014. Ana tura wa matasa tambayoyi ta saƙon tes ko WhatsApp a kan rigakafi da ilimi da tsaftar ruwa, a tattara amsoshin a miƙa wa masu tsara manufofi.

Inda gizo ke saƙa

Yawan masu kallo ba ya tabbatar da biyan buƙata. Bidiyon Kony 2012 na ƙungiyar Invisible Children ya samu kallo miliyan 100 cikin kwana shida, amma gangamin da aka kira a tituna a watan Afrilun shekarar bai samu jama'a ba, kuma ba a kama madugun 'yan tawayen Yuganda Joseph Kony ba. A 2013 reshen UNICEF na ƙasar Suwidin ya fito da talla yana tuna wa mutane cewa danna alamar so a Facebook ba ya sayen allurar shan inna.

Akwai kuma haɗarin dogaro da kafa ɗaya. Daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022 gwamnatin tarayya ta dakatar da Twitter a Najeriya, ƙungiyoyin da suka tara mabiyansu a can suka rasa hanyar yi musu magana. Shi ya sa masu gogewa ke ajiye lambobin waya da adireshin imel na magoya bayansu.

Abin da mai bayarwa zai duba

'Yan damfara kan ɗauko hoton marar lafiya su haɗa da lambar asusunsu, musamman a watan azumi da hannu ke sake. Halastacciyar ƙungiya a Najeriya tana da rajista da hukumar CAC, wadda ake iya bincika sunanta a shafin hukumar, da kuma sashen SCUML na hukumar EFCC. Asusun bankinta yana ɗauke da sunanta ne, ba sunan wani mutum ba, kuma tana wallafa bayanin abin da ta karɓa da inda ta kashe shi. Wadda ta ƙi nuna lambar rajistarta bayan an tambaye ta, ya dace a riƙe kuɗin har sai ta nuna.