Kujerar Shugaban Ƙasa a Nijeriya: Ikonta da Iyakarta, 1963 zuwa 1983

Manufar wannan maƙala ita ce ta duba yadda ikon Shugaban Ƙasa ya sauya a Nijeriya tsakanin Jamhuriya ta Farko da ta Biyu, domin kuwa suna ɗaya ne, amma kujerun sun sha bamban.

Sa'ad da ƙasar ta zama jamhuriya ran 1 ga Oktoba 1963, Dakta Nnamdi Azikiwe ne ya zama Shugaban Ƙasa, amma ragamar mulki tana hannun Firayim Minista, Alhaji Abubakar Tafawa Ɓalewa. Raunin wannan tsari ya bayyana bayan zaɓen Disamba 1964, wanda ƙawancen UPGA ya ƙaurace wa. Azikiwe ya ƙi kiran Tafawa Ɓalewa ya kafa gwamnati, sai shugabannin soja da na 'yan sanda suka nuna masa cewa daga Firayim Minista suke karɓar umarni. Ran 4 ga Janairu 1965 ya sauko, ya kira shi.

Hausawa sun ce ba a sarki biyu zamani ɗaya. Wannan darasi yana cikin dalilan da suka sa kwamitin da Janar Murtala Muhammad ya ƙaddamar a 1975, ƙarƙashin Cif Rotimi Williams, ya karkata ga tsari irin na Amurka. Tsarin Mulkin 1979 ya haɗa wa mutum guda shugabancin ƙasa da na gwamnati da kuma na askarawa. Sai dai an yi wa kujerar dabaibayi. Wa'adinta shekara 4 ne, ba a zaɓen mutum fiye da sau biyu. Ministoci sai da amincewar Majalisar Dattawa. Majalisar Ƙasa kuma tana iya tsige shi. Haka nan dole ya sami rubu'in ƙuri'u a kashi biyu cikin uku na jihohi, sharaɗin da ya kai Cif Obafemi Awolowo da Alhaji Shehu Shagari Kotun Ƙoli a 1979, kan ko jiha nawa ce kashi biyu cikin uku na 19.

Dabaibayin ya yi aiki. Jam'iyyar NPN kujera 36 ta samu daga cikin 95 na Majalisar Dattawa, saboda haka tilas Shagari ya nemi ƙawancen NPP, wanda ya wargaje a 1981. A wannan shekarar ce Kotun Ƙoli ta soke dokar rabon arzikin ƙasa da ya sa wa hannu, don ba a bi ƙa'idar zartar da ita a majalisa ba.

A taƙaice, majalisa da kotu sun iya taka wa Shugaba burki, amma tsarin bai iya kare kansa daga bakin bindiga ba. Ran 31 ga Disamba 1983 soja suka kifar da gwamnatin, suka jingine sassan da suka kafa kujerar da waɗanda suka iyakance ta baki ɗaya.