Ayabar da Cuta Ta Kora Daga Kasuwa

A wannan mako za mu waiwayi tarihin ayaba, da gwagwarmayar samar da irin da zai jure cuta kuma ya yi daɗi a baki.

Har zuwa shekarun 1950, ayabar da jiragen ruwa ke kwasowa daga Amurka ta Tsakiya zuwa kasuwannin Amurka da Turai kusan iri ɗaya ce, sunanta Gros Michel. Ga zaƙi, ga ƙamshi, ga ɓawo mai kauri da ke jure doguwar tafiya. Rauninta shi ne ba ta da ƙwaya. 'Ya'yan da ke tsirowa a gindin uwa ake cirewa a dasa, don haka duk gonakin jininsu ɗaya, cutar da ta iya da guda ta iya da saura.

Haka kuwa aka yi. Cutar Fanama, wadda wata ƙwayar cuta dangin funfuna mai suna Fusarium ke haddasawa, tana shiga ta saiwa ta toshe hanyar ruwa, ganye ya yi rawaya, shuka ta mutu. Kuma takan shekara da shekaru a cikin ƙasa. Zuwa shekarun 1960 kamfanoni sun haƙura, suka koma kan Cavendish, irin da Joseph Paxton ya raina a lambun Chatsworth na Ingila a shekarun 1830. Ba ta kai ta farko ƙamshi ba, amma cutar ba ta kama ta a lokacin.

Yau ita ma ta shiga uku. Wani sabon nau'in cutar, TR4, ya ɓarke a Asiya, ya isa Mozambik a 2013, sannan Kolombiya a 2019.

Auratayyar ayaba aiki ne mai cin rai, domin sai a barbara nono masu yawa kafin a tsinci 'yan ƙwayoyi. A Honduras, Phil Rowe ya shafe shekaru a kai, har cibiyar FHIA ta fitar da Goldfinger a shekarun 1990. Tana jure cuta, sai dai tana da ɗan tsami kamar tuffa, kuma ba ta ture Cavendish daga kasuwa ba.

A nan gida, cibiyar IITA ta samar da irin agada mai jure cutar baƙin ganye ta Sigatoka a tasharta ta Onne, Jihar Ribas. A Yuganda kuma, inda ayabar dafuwa ta matooke ce tuwon yau da kullum, IITA da hukumar NARO sun fitar da jerin irin NARITA. Can ma sai an turara an ɗanɗana: in ba ta yi laushi da launin rawaya ba, da wuya manomi ya ba ta wuri a gonarsa.

Abin da muka tsinta a wannan tarihi shi ne, masani yana iya gamawa da cuta a gona, amma hukuncin ƙarshe na hannun mai saye da mai girki.

Muna jiran gyara da tsokacinku.